Na'urar rage gudun famfo: a auna rijiya kafin a zuba kuɗi a Adar

Duk wanda ya san Adar ya san cewa babban kaso na tattalin arzikinta yana hannun waɗanda ba sa gida. Daga Affala, Barmou, Kalfou da Takanamat, samari sun daɗe suna tafiya bida zuwa Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya, kuma abin da suke aikowa shi ke cika rumbu idan damina ta gaza, shi ke ɗaga ginin masallaci, shi ke biyan kuɗin magani. A 'yan shekarun nan ruwa ya shigo sahun gaba cikin abubuwan da ake haɗa wa kuɗi: a gyara rijiyar burtsatse, a sayi sabon famfo, a kafa allunan sola, a ɗora shato. Tare da wannan, wata na'ura ta fara bayyana a takardun farashin da 'yan kasuwa da masu kwangila ke turawa ta WhatsApp, wato akwatin nan da ke sarrafa gudun inji, wanda masu gyara a Nijar ke kira bariyater, a Najeriya kuma wasu ke ce masa inbata. Ana tallarta da alkawari ɗaya, cewa za ta rage cin wuta da rabi.

Alkawarin yana da tushe a ilimi. Sai dai yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ba a cika faɗa wa mai saye ba. A ƙasa irin ta arewacin Tahoua, inda ruwan saman da ke sauka a shekara da ƙyar yake kai rabin na Kano, kuma ruwan ƙasa yake da nisa, wannan sharaɗi shi ke yanke ko kuɗin jama'a zai haifar da ruwa ko zai tafi a banza.

Kusan duk famfon da ke aiki a yankin mai farfela ne, daga injin ban ruwa na lambun albasa har zuwa dogon famfon da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse. Farfela tana juyawa, tana watsa ruwa daga tsakiya zuwa gefe, wannan watsawar ce ke tura shi cikin bututu. Wutar NIGELEC tana kai da kawo sau 50 a sakan ɗaya, abin da ake rubutawa 50 Hz a jikin inji, kuma wannan ne ke ƙayyade gudun moto: mafi yawan irin waɗannan famfuna suna juyawa kusan sau 2,900 a minti, ko ana buƙatar ruwa da yawa ko kaɗan. Aikin bariyater shi ne ta karɓi wutar ta sake fitar da ita a 45, ko 40, ko 35 Hz, sai moto ya rage gudu.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin abin da ke biyo baya. Yawan ruwan da famfo ke fitarwa yana raguwa daidai da raguwar gudu. Tsayin da zai iya kai ruwa yana raguwa fiye da haka, ƙarfin wutar da yake ja kuma ya fi duka faɗuwa. Idan aka mayar da gudu kashi 80 cikin 100, ruwa zai koma kashi 80, tsayi ya koma kashi 64, wuta kuma kashi 51. Daga nan "rabi" ɗin 'yan kasuwa ya fito. Idan aka kwatanta da tsohuwar dabara ta matse bawul don rage ruwa, bambancin a fili yake, domin mai matse bawul yana barin moto yana gudu da cikakken ƙarfinsa ne sannan ya toshe masa hanya, kamar mahayin da ke dukan doki yana kuma jan linzami. Saboda haka ne masana'antu a duniya suka rungumi na'urar. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa injinan lantarki na cinye sama da kashi 40 cikin 100 na wutar da ake amfani da ita a duniya, don haka ko ɗan ragi a nan babban kuɗi ne.

Gyara na farko da ya kamata a yi wa lissafin ɗan kasuwa mai sauƙi ne. Shato ba ya raguwa don an rage gudun famfo. Idan ruwa ya koma kashi 80, aikin awa huɗu zai koma awa biyar kafin tanki ya cika. Kashi 51 na wuta a tsawon awa biyar ya zama kashi 64 na abin da ake ci a da. Ragin da aka samu kenan kashi 36, ba rabi ba, kuma wannan a yanayi mafi kyau ne. Ma'aunin da ya dace a tambaya shi ne wuta ko man da aka ƙone a kan kowace lita 1,000 da ta isa tanki, ba lambar da ke haskawa a fuskar akwati ba.

Gyara na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne ya shafi Adar kai tsaye. Famfo yana kokawa da abu biyu: turjiyar bututu, da kuma tsayin da ke tsakanin fuskar ruwa a ƙarƙashin ƙasa da bakin tanki. Turjiyar bututu tana faɗuwa sosai idan ruwa ya rage gudu, kuma duk ribar bariyater daga nan take fitowa. Tsayi kuwa ba ya jin rarrashi. Ɗaga lita 1,000, wato jarka 40 masu cin lita 25, zuwa mita 100 yana buƙatar aƙalla kashi 27 cikin 100 na kilowat-awa ɗaya ko da inji ba ya asarar komai, kuma a aikace, idan aka haɗa asarar moto da ta farfela, abin yakan kusa ninkawa. Babu akwatin da zai sauya wannan.

A yawancin tudun arewacin Tahoua ruwan da ake dogaro da shi duk shekara yana cikin zurfafan shimfiɗun yashi na kwarin Iullemmeden, inda ake haƙa ɗaruruwan mitoci kafin a tarar da shi. Ruwan yakan taso cikin rijiya bayan an huda, amma duk da haka yakan tsaya da nisa. A ɗauki misali don lissafi: ruwa yana tsaye a mita 105, shato yana da tsayin mita 15, turjiyar bututu kuma daidai take da ƙarin mita 10. Jimla mita 130, wanda 120 daga ciki tsayi ne zalla. Ko da za a kawar da turjiyar gaba ɗaya, ragin bai kai kashi 8 cikin 100 ba, ita kanta na'urar kuma tana cin kimanin kashi 3 na wutar da ke ratsa ta, ta mayar da shi zafi. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A ce famfon da aka zura iyakar tsayin da zai iya kai ruwa a cikakken gudu mita 170 ne. A mayar da shi 40 Hz, wato kashi 80 ɗin nan da aka yi talla da shi, iyakarsa ta koma kusan mita 109. Tanki yana mita 120. Moto zai yi ta juyawa, mita tana karanta wuta, ko ɗigo ba zai faɗa tanki ba, ruwan da ke kewaye da moto yana ɗumama domin ba ya gudana balle ya sanyaya shi. A irin wannan rijiya duk filin wasan bai wuce tsakanin 42 da 50 Hz ba, kuma tun kafin a kai ƙasan wannan tazara famfon ya bar wurin da aka ƙera shi ya fi yin aiki da kyau, yana cin wuta mai yawa a kan ruwa kaɗan. Ƙungiyar 'yan gari da ta biya kuɗin na'ura bisa alkawarin rabi za ta wayi gari da takardar wuta kusan yadda take a da, ko kuma da ƙonannen moto a ƙasan rijiya, wanda fito da shi kaɗai aiki ne na kwanaki da kuɗi masu yawa, mata da 'yan garuwa kuma sun koma tsohuwar rijiya.

A fadama labarin dabam ne. A lambunan da ke gefen tafkin Tabalak, a kwarin Keita, da filayen albasa na wajen Galmi da Ƙonni, ruwa yakan kasance a 'yan mitoci, amma tiyo yana da tsawo kuma sau da yawa siriri ne. Idan ruwa yana mita 6, turjiyar tiyo kuma ta kai mita 14, rage ruwan zuwa kashi 70 zai mayar da turjiyar kusan mita 7, jimla ta sauko daga 20 zuwa 13. Kowace lita ta yi araha da kusan kashi ɗaya cikin uku. Manoman rani sun san wannan tun kafin a kawo musu akwati: wanda ya ɗan sassauta wa injin esansi wuta ya ga mansa ya fi daɗewa, kuma ruwan ba ya kwashe ƙasar fangali. Doka ɗaya ce. Har ma ana iya cewa ga mai irin wannan lambu, sauya siririn tiyo da mai faɗi yakan ba da riba mai yawa da kuɗi kaɗan, ba tare da wata na'urar da za ta lalace ba. Ragin farashin mai da gwamnati ta yi a Yulin 2024, lokacin da litar esansi ta sauko daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618, ya ɗan rage raɗaɗi, amma har yanzu mai na cikin manyan abubuwan da ke cin ribar manomin rani, shi ya sa wasu suka mayar da injinansu kan tukunyar gas.

Haka ma a birnin Tahoua. Famfunan da ke tura ruwa cikin bututun unguwanni suna fuskantar buƙata mai hawa da sauka, cunkoso da asuba da yamma, shiru da tsakar dare. A nan na'urar da ke bin matsin ruwa tana da amfani biyu: tana rage wuta, tana kuma rage matsin da ke fasa tsofaffin bututu da dare. Wannan aiki ne na SPEN, mai mallakar kayan ruwa na birane, da kamfanin NDE da ya karɓi aikin rarrabawa daga SEEN a farkon 2024, kuma ya dace su riƙa bayyana wa jama'a nawa ake ƙonawa a kan kowace mita kubik a kowace tasha.

To ashe a zurfafan rijiyoyin Affala da maƙwabtanta na'urar ba ta da wuri? Tana da shi, sai dai ba don dalilin da ake tallarta ba. Babban dalili shi ne rana. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma Tahoua, Maraɗi da Damagaram sun ji a jikinsu har aka ɗage takunkumin ECOWAS a Fabrairun 2024. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ba ta isa ta rufe giɓin ba. Ƙauyuka da yawa ma layin wuta bai taɓa isa gare su ba. Darasin da mutane suka ɗauka shi ne a dogara da allunan sola, kuma famfon sola ba ya aiki sai da na'urar sarrafa gudu, domin ƙarfin rana yana tashi daga hantsi, ya kai ƙololuwa da azahar, ya faɗi da la'asar. Na'urar ce ke daidaita gudun moto da abin da alluna ke bayarwa a kowane lokaci. Kayan Grundfos da Lorentz suna zuwa da ita a haɗe, akwai kuma na ƙasar Sin masu rahusa da suka cika kasuwa.

Amma a nan ma dokar tsayi tana nan. A zurfafiyar rijiya, famfo ba zai fara ba da ruwa ba sai rana ta yi ƙarfin da zai kai shi sama da wancan mafi ƙarancin gudu. Idan alluna sun yi kaɗan, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe su, awannin samun ruwa za su tsuke zuwa tsakiyar rana kawai. Mai kwangilar da ya ƙirga awannin rana daga fitowa zuwa faɗuwa ya ninka da ƙarfin famfo, ya ba da lamba mai daɗin ji wadda tanki ba zai taɓa gani ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da dabbobi suka taru a bakin rijiya, kuskuren yake bayyana.

Dalili na biyu shi ne tashi a hankali. Moton da aka kunna kai tsaye yana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci a lokacin aiki, shi ya sa ake sayen janareta da ya fi buƙata girma, wanda daga baya zai yi ta shan gazuwal yana aiki da rabin ƙarfi. Na'urar tana kawar da wannan fizga, tana kuma rage bugun da ruwa ke yi wa bututu idan aka kunna ko aka kashe. Na uku, tana iya hana famfo zuƙar ruwa fiye da yadda rijiya ke kawowa. Rijiyar da ake zuƙa fiye da kima tana jan yashi, yashi yana cin farfela, ruwa ya sauka ƙasa da bakin famfo ya bar shi yana shaƙar iska. Rage gudu kaɗan yakan ceci rijiya da famfo tare. Waɗannan dalilai ne na gaskiya, kuma sun isa a sayi na'urar a wurare da dama. Abin da ake nema shi ne a faɗe su da sunansu.

Sai kuma batun zafi, wanda takardar farashi ba ta ambata. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne su ba da cikakken ƙarfi har zuwa digiri 40, bayan haka ƙarfinsu yana raguwa. A Tahoua zafin bazara yana wuce 40 a inuwa, balle a cikin ɗakin kwano marar taga inda aka saba rataye su. Ƙura tana toshe fanka da ramukan iska. Doguwar wayar da ke sauka mita ɗari ko fiye zuwa moto tana haifar da tsallen wuta da ke cin rufin wayoyin moto a hankali, sai an sa matatar wuta a tsakani, ita kuma ita ce abu na farko da ake cirewa idan ana son farashi ya yi daɗi. Masu ƙera moton rijiya suna gargaɗin kada a gudanar da shi ƙasa da kimanin 30 Hz, kuma a kai shi wannan gudu cikin sauri a lokacin tashi, domin ruwa ne ke riƙe wa ƙafar moton nauyi kuma sai da gudu yake yin haka. Duk waɗannan saiti ne da ake shigarwa da 'yan maɓallai, amma sai wanda ya sani. Araha ba ta ado, kuma na'urar da aka rataye da saitin da ta fito da shi daga kamfani ba a gama sa ta ba.

Nan ne maganar ta shafi matasan birni. Mai gyaran famfo na da yana aiki da sifana da kunne. Na yanzu sai ya iya karanta zanen ƙarfin famfo, ya auna zurfin ruwa yana tsaye da kuma lokacin da ake zuƙa, ya shigar da iyakar gudu ta sama da ta ƙasa. Ba ilimin shekara biyar ba ne, horon 'yan watanni ne ga wanda ya riga ya san wutar lantarki. Ƙasar da ta haifi Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya jagoranci binciken makamashin rana a ONERSOL tun kafin duniya ta waiwayi sola, bai kamata ƙauyukanta su riƙa jiran mai gyara daga Yamai ko Kano na tsawon makonni saboda lambar kuskure ɗaya da ta bayyana a fuskar akwati ba. Makarantar EMIG, makarantar fasaha ta Maraɗi da cibiyoyin koyon sana'a na jihar Tahoua suna da abin da ake buƙata don cike wannan giɓi, kuma sana'a ce da za ta iya riƙe saurayi a gida.

Nauyi mafi girma yana kan masu riƙe da kuɗi da masu sa hannu. Dokar ruwa ta 2010 da tsarin da ya biyo bayanta sun ɗora kula da ruwan sha na karkara a kan ƙananan hukumomi, waɗanda ke miƙa gudanarwa ga 'yan kasuwa masu zaman kansu. Ma'aikatar ruwa ta jiha tana da ikon cewa ba za a karɓi wani aiki ba sai an ga sakamakon gwajin zuƙar rijiya, da zanen famfon da aka zaɓa, da mafi ƙarancin gudun da zai kai ruwa tanki, da mita mai ƙirga ruwa a bakin bututu. Ba tare da mitar ruwa ba babu wanda zai iya cewa an yi riba ko asara, kuma mai gudanarwa zai ci gaba da ɗora kuɗin gazuwal a kan farashin jarka. Mitar tana da wani amfanin: ruwan sola ba a biyan kuɗin mai a kansa, saboda haka babu abin da ke tsayar da hannun mai zuƙa, alhali ruwan zurfafan shimfiɗun nan ya taru ne tun zamani mai nisa kuma damina ba ta mayar da shi da sauri.

Ga ƙungiyoyin 'yan Adar mazauna waje kuwa, akwai wata ɗabi'a da ya kamata a duba. Wanda ya sha wahala a ƙasar wani ya tara kuɗi yana son a ce ya saya wa garinsu babban inji, kuma ɗan kasuwa ya san haka. Sai a sayi famfon da ya fi ƙarfin rijiya, sannan a sayi bariyater don a rage masa gudu, an biya kuɗi sau biyu don a isa inda ƙaramin famfo da aka zaɓa daidai zai kai da kansa. Kafin a tura ko dala, akwai tambayoyin da ma'ajin ƙungiya zai iya aikawa ta waya daga Abijan ko Tamanrasset: a mita nawa ruwa yake tsayawa idan ana zuƙa, lita nawa rijiyar ke bayarwa a awa, lita nawa gari ke buƙata a rana a watan Mayu, a wane gudu famfon zai daina kai ruwa tanki, kuma wane ne a Tahoua zai zo idan akwatin ya tsaya. Mai kwangilar da ya yi aikinsa yana da amsoshin a rubuce, kuma kuɗin gwajin rijiya na kwana ɗaya ko biyu ƙaramin kaso ne na kuɗin famfon da za a zura a cikinta.